Matsalolin Ƙwan Lantarki Mai Tsimin Wuta A Gidaje Da Makomar Cinikinsa

Ƙwan lantarkin nan mai naɗaɗɗen gilashi, wanda masu sayar da kayan wuta ke kira ƙwan enaji, masana kuma suke taƙaita sunansa da haruffan CFL, ya shafe shekaru masu yawa yana cikin kayan da aka fi ciniki a manyan kasuwannin ƙasar nan, tun daga kasuwar Alaba ta Legas da kasuwannin Anaca har zuwa Sabon Gari ta Kano. An karɓe shi hannu biyu-biyu saboda alkawura biyu da aka rubuta a jikin kwalinsa, wato rage shan wuta da daɗewa ana amfani da shi. Alkawarin farko ya cika a mafi yawan gidaje, amma na biyu ya zama abin jayayya tsakanin magidanta da masu shaguna, domin sau da yawa ƙwan da aka ce zai yi shekaru yakan mutu cikin 'yan watanni. A halin da ake ciki kuma yarjejeniyar duniya kan sinadarin zaiba ta sanya wa ƙera shi da fataucinsa wa'adi, abin da ya shafi duk ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa a wannan haja.

Asalinsa da yadda yake aiki

Idan za a iya tunawa, tashin farashin man fetur na shekarar 1973 ne ya tilasta wa kamfanonin ƙera fitilu neman hanyar samun haske da wuta kaɗan. A shekarar 1976 wani injiniya na kamfanin General Electric a Amurka, Edward Hammer, ya lanƙwasa doguwar fitilar nan ta ofisoshi ya mai da ita naɗaɗɗiya, amma kamfanin ya jingine aikin saboda tsadar injinan da za su ƙera ta. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fitar da nasa samfurin kasuwa a 1980, sannan kamfanin Osram na Jamus ya kawo wanda ke da na'urar lantarki ta zamani a gindinsa a 1985. Daga tsakiyar shekarun 1990 masana'antun ƙasar Sin suka shiga ƙera naɗaɗɗen da yawa, farashi ya sauko, daga nan ne ya bazu a kasuwannin Afirka.

Tsohon ƙwai mai zare yana ba da haske ne ta hanyar ƙona wani siririn zaren ƙarfe har ya yi ja, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Shi kuwa ƙwan tsimi, a cikin gilashinsa akwai iskar gas da ɗan tururin zaiba, wato sinadarin da ake kira makuri. Idan wuta ta ratsa wannan tururi sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi ya mai da shi hasken da ake gani. A cikin farar robar da ke gindin ƙwan akwai wani ɗan allo mai ƙananan na'urori, wanda aikinsa shi ne tayar da fitilar da daidaita wutar da ke shigarta. Ta haka ne ƙwan tsimi mai wat 13 zuwa 15 yake ba da hasken da ya yi daidai da na ƙwai mai zare mai wat 60. Kusan dukan matsalolin da za a ambata a ƙasa daga wurare biyu suke tasowa, wato wannan ɗan allo da kuma zaibar da ke cikin gilashin.

Ribar tsimin a bayyane take, shi ya sa gwamnatoci suka rungume shi. A shekarar 2007, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo wuta ta yi ƙaranci, gwamnatin Gana ta raba irin wannan ƙwai guda miliyan 6 kyauta ga jama'a, aka kuma samu saukin kimanin megawat 124 a lokacin da aka fi jan wuta. Tarayyar Turai ita ma ta janye ƙwai mai zare daga kasuwanninta daki-daki tsakanin 2009 da 2012.

Dalilan mutuwarsa da wuri

Masu ƙera wannan ƙwai kan rubuta cewa zai yi awa 6,000 zuwa 15,000, alhali ƙwai mai zare ba ya wuce awa 1,000. Idan aka ɗauki wanda aka rubuta wa awa 8,000, ana kunna shi awa 6 a kowace rana, ya kamata ya kai shekara 3 da wata 8. Sai dai an samo waɗannan alkaluma ne a ɗakin gwaji, inda wuta take tsaye a kan ƙarfinta, zafin ɗaki yake daidai, kuma akan bar fitilar a kunne na sa'o'i kafin a kashe ta. Gidajen Nijeriya kaɗan ne suka cika waɗannan sharuɗɗa.

Abu na farko shi ne rashin daidaiton ƙarfin wuta. A ƙa'ida wutar gidaje a ƙasar nan bolt 230 ce, amma a unguwannin da lodi ya yi wa taransifoma yawa takan yi ƙasa ƙwarai da yamma, sannan ta dawo da ƙarfi fiye da kima idan aka maido ta bayan ɗaukewa. Ƙwai mai zare idan wuta ta yi ƙasa dusashewa kawai yake yi. Ƙwan tsimi kuwa yakan yi ta ƙoƙarin tashi yana kyaftawa, na'urorin gindinsa suna ɗaukar zafi, idan kuma wuta ta zo da ƙarfi farat ɗaya sai ɗaya daga cikinsu ta ƙone, ko da gilashin bai yi komai ba.

Abu na biyu shi ne yawan kunnawa da kashewa. A bakin gilashin ta kowane gefe akwai ɗan zare da aka shafa wa wani sinadari mai taimaka wa fitilar tashi, kuma duk lokacin da aka kunna sai wani abu ya ragu daga wannan shafe. Idan ya ƙare, bakin gilashin yakan yi baƙi, fitilar ta daina kamawa. Saboda haka ne hukumar makamashi ta Amurka ta ba da shawarar cewa wanda zai fita daga ɗaki na ƙasa da minti 15 gara ya bar irin wannan ƙwai a kunne. A nan gida kuwa, ban da kunnawar masu gida, duk ɗaukewar wuta da dawowarta, da duk sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, kunnawa ce sabuwa a wurin ƙwan. Wanda aka sa a banɗaki ko ɗakin ajiya, inda ake shiga a fito cikin minti biyu, da wuya ya fi ƙwai mai zare daɗewa.

Abu na uku shi ne zafi. A cikin na'urorin gindin akwai wata mai ajiye wuta da masu gyara ke kira kafasita, wadda ke da ɗan ruwa a cikinta, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin rayuwarta. Idan aka rataye ƙwan kansa a ƙasa gindinsa a sama, kamar yadda ake yi a yawancin ɗakuna, zafin gilashin yana hawa ne kai tsaye zuwa wurin na'urorin. Idan kuma aka rufe shi cikin kwanon gilashi na ado ko cikin ramin silin inda iska ba ta shiga, a ɗakin da rufin kwano ya riga ya gasa a watannin bazara, rayuwarsa takan ragu ƙwarai. Danshin damina a garuruwan kudu da na ɗakunan wanka shi ma yana cin na'urorin.

Abu na huɗu shi ne ingancin hajar kanta. Domin a karya farashi, wasu masana'antu kan rage na'urorin kariya daga gindin ƙwan ko su yi amfani da masu arha, wasu kuma su rubuta wat mai yawa a kwali alhali abin da ke ciki bai kai haka ba. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, ta fara shirin tantance kayan da ake shigowa da su mai suna SONCAP a shekarar 2005, kuma kayan lantarki suna cikin waɗanda shirin ya shafa. Duk da haka mai saye ba shi da hanyar gane abin da ke cikin gindin ƙwai da ido, kuma shaguna da yawa iyakarsu su gwada masa ya ga ya kama, daga nan ba a maido da kaya.

Ƙorafe-ƙorafen da suka shafi haske

Ko ƙwan da ba shi da aibi yana da halayen da masu gida ke kuka da su. Ba ya kai cikakken haskensa nan take, yakan ɗauki daga rabin minti zuwa minti 3, musamman da sanyin asuba a lokacin hunturu. Haka kuma haskensa yana raguwa da tsufa, ta yadda kafin ya mutu zai iya rasa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na hasken da ya fara da shi. Ƙurar da ke maƙalewa tsakanin naɗin gilashin, wadda ke da wuyar gogewa, tana ƙara dusashe shi.

Akwai kuma batun launi. Hasken rana da na ƙwai mai zare suna nuna launin kaya yadda yake, amma hasken ƙwan tsimi yana da giɓi a wasu launuka, musamman ja. Wannan ya shafi masu sayar da atamfa da shadda da teloli da masu ɗinkin hula, domin zaren da ya dace da yadi a cikin shago da dare zai iya bambanta da shi idan gari ya waye. A jikin kwali akan rubuta lamba mai harafin K a ƙarshe: 2700K na nufin haske mai ɗan ja irin na tsohon ƙwai, 6500K kuma fari fat mai ɗan shuɗi.

Wani abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne ƙwan ya riƙa walƙiya jifa-jifa cikin dare bayan an kashe shi. Wannan yakan faru ne idan makunnin yana da ɗan jan haske a jikinsa, ko kuma idan mai wayarin ya ɗora makunnin a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta maimakon mai ɗauke da ita. A irin wannan hali ɗan abin da ke zurarewa na wuta yana taruwa a kafasita sannu a hankali, idan ya cika sai fitilar ta yi yunƙurin tashi. Maganinsa a kira mai gyaran wuta ya duba wayarin, domin kuskuren yana da hatsari ga duk wanda zai sauya ƙwai yana zaton ya kashe wuta.

Har ila yau na'urorin gindin suna kaɗa wuta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a ƙwai mara inganci wannan yakan shiga rediyo ya zama ƙara, musamman a gajeren zango da matsakaicin zango, inda jama'a da yawa ke sauraron labarai. Wani lokaci hasken kan rikita rimot na talabijin. Bugu da ƙari, ƙwan tsimi na gama-gari bai dace da makunni mai rage haske ko ƙara shi ba, wanda ake sawa a wasu otal-otal da manyan gidaje. Haɗa su yakan ƙona ƙwan, wani lokaci har da makunnin.

Nauyinsa a kan janareta da inbata

Akwai wata matsala da ba a cika lura da ita ba sai a gidajen da ke dogara da ƙaramin janareta ko inbata mai batir. Yawancin ƙananan ƙwayayen tsimi ba sa jan wuta a jere, fizgarta suke yi, saboda haka nauyin da suke ɗora wa inji ya kusa ninka abin da aka rubuta a jikinsu. Alal misali, guda 10 masu wat 20 wutar da suke sha wat 200 ce, kuma ita mitar gida ke ƙirgawa, amma inji zai ji su kamar lodin 350 ko fiye. Wanda ya yi lissafin ƙarfin inbatarsa da lambar da ke jikin kwali kawai zai iya tarar da tana kuka ko tana yankewa tun bai haɗa firji ko fanka ba.

Zaiba da lafiyar iyali

Matsalar da ta fi kowace nauyi ita ce ta zaiba. A kowane ƙwai akwai kimanin miligiram 3 zuwa 5, abin da bai fi kan allurar biro ba, kuma muddin gilashin bai fashe ba babu abin da ke fita. Amma zaiba guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu sun fi kowa shiga hatsarinta. Fashewar ƙwai ɗaya ba ta isa ta kwantar da babban mutum ba, sai dai akwai ƙa'idar da ya kamata a bi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar a fitar da mutane da dabbobi daga ɗakin, a buɗe tagogi na minti 5 zuwa 10, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, sannan a kwashe gilashin da farin garin da kwali mai tauri, a bi ragowar da salatif da jiƙaƙƙen tsumma, a zuba duka a kwalba mai murfi a fitar da ita waje. Ba a amfani da injin zuƙe shara, kuma tsintsiya ma watsa garin take yi cikin iska.

Inda abin ya fi girma shi ne juji. Ƙwayaye miliyoyi da suka mutu suna ƙarewa ne a bola tare da sauran shara, inda ake fasa su ko a cinna musu wuta, masu tsintar ƙarafa da yara kuma suna tattaka su. Zaibar da ta shiga ruwa ƙwayoyin halitta kan mai da ita wani nau'i mafi guba da ke taruwa a jikin kifi. Wannan nau'i ne ya haddasa cutar da aka gano a garin Minamata na ƙasar Japan a 1956, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba dagwalonta a teku. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da dokokin sharar kayan lantarki a 2011, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin karɓar abin da ya lalace.

Ban da zaiba, a shekarar 2008 hukumar kare lafiya ta Ingila ta yi gargaɗin cewa wasu ƙwayayen da gilashinsu ke tsirara suna fitar da ɗan hasken nan mai ƙona fata, ta kuma shawarci jama'a kada su zauna kusa da su ƙasa da santimita 30 fiye da awa ɗaya a rana. Wannan ya shafi masu aikin hannu da ke kusanto da fitila kan tebur. Sannan idan ƙwan ya zo ƙarshen rayuwarsa wani lokaci gindinsa kan yi baƙi, ya yi wari ko ɗan hayaƙi. Idan an ga haka sai a kashe wuta, a bari ya huce, a cire shi ta hanyar riƙe robar gindin, kada a murɗa gilashin.

Wa'adin da aka sanya wa cinikinsa

A watan Oktoba na 2013 ƙasashen duniya suka amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba, ta fara aiki a watan Agusta na 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2018. Da farko yarjejeniyar ta hana ƙananan ƙwayayen da zaibarsu ta wuce miligiram 5 ne kawai, daga 2020. A taron Bali na ƙasar Indonesiya a watan Maris na 2022, bisa shawarar da ƙasashen Afirka suka gabatar, aka sanya 2025 a matsayin ƙarshen ƙerawa da shigowa da fitar da ƙwan tsimi mai na'ura a gindi wanda bai wuce wat 30 ba. Taron Janeba na 2023 ya ƙara da sauran nau'o'in ƙwan tsimi zuwa 2026, da dogayen fitilun ofis zuwa 2027. Tun kafin haka kamfanin General Electric ya ba da sanarwar daina wannan haja a Amurka a 2016.

Ya kamata 'yan kasuwa su lura cewa wa'adin ya shafi ƙerawa da ketare iyaka ne, bai hana magidanci amfani da wanda ke ɗakinsa ba. Amma ma'anarsa ga mai shigo da kaya ita ce duk tayin ƙwan tsimi mai arha da za a yi masa daga waje, akwai yiwuwar ragowar kaya ne da wasu kasuwanni suka ƙi, kuma zai iya maƙale masa a tashar jiragen ruwa ko a sito.

Lissafin kuɗi da zaɓin da ya rage

Abin da ya maye gurbinsa shi ne ƙwan LED, wanda ya samu ne bayan masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun samar da shuɗin haskensa a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Ba shi da zaiba, yana kamawa nan take, kuma yawan kunnawa ba ya cin rayuwarsa.

A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Bisa wannan farashi, gidan da ke kunna ƙwai 10 na awa 6 kullum zai sha yunit 108 a wata idan masu zare ne na wat 60, wato naira 24,300. Da ƙwan tsimi mai wat 15 zai sha yunit 27, wato naira 6,075. Da LED mai wat 9 kuwa yunit 16 da ɗoriya ne, kimanin naira 3,645. Ga mai amfani da janareta, wanda kuɗin mansa ya ninka bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, bambancin ya fi haka.

Sai dai LED ma yana da na'urori a gindinsa, saboda haka zafi da hawa da saukar wuta da rashin inganci suna kashe shi kamar yadda suke kashe na tsimi. Shawarar masu sana'ar wuta ga magidanta ita ce su bar ƙwan tsimin da ke aiki a wuraren da ake daɗewa da fitila a kunne kuma iska na ratsawa, kamar zaure da tsakar gida, su fara sauya na banɗaki da kicin da ɗakin yara, su kuma adana waɗanda suka mutu a cikin kwalinsu maimakon jefa su bola. Ga masu shaguna kuwa, sayen kaya mai takardar SONCAP, da duba yawan hasken da aka rubuta da ma'aunin lumen maimakon wat kaɗai, da ba mai saye rasit mai wa'adin canji, su ne hanyoyin da za su hana ƙorafin da ya biyo bayan ƙwan tsimi ya sake biyo bayan wanda ya gaje shi.